Injin da Ke Cin Kaset ɗin Juma'a

Ku jawo bencin nan, ku kife wayoyin. Jiya ina jinku, kai da abokinka mai askin zakara, kuna cewa ajiye bayanai ai danna maɓalli ne kawai, komai ya hau gajimare ya zauna lafiya. Na yi shiru ne don bakina cike yake da shinkafa da wake. Yau na ƙoshi, saboda haka za ku ji labarin muryar Malam Bawa na Salaga, wadda saura ƙiris ta ɓace daga duniya. Da ta ɓace kuwa, ni za a kama.

Sunana Seidu, amma a nan Yendi in ba ka ce Seidu Kaset ba, babu mai nuna maka shagona. A Bawku na koyi aiki, wurin Masta Awudu, bayan layin masu albasa. Aikin farko da ya ba ni shi ne kaset ɗin wani dillalin shanu da rediyon mota ta tauna. Na zauna da biro ina naɗe zaren a hankali, ina miƙe inda ya yamutse da farce, dillalin na tsaye a kaina yana cewa in na tsinke masa waƙar nan zai tsinke mini kunne. Daga nan aka koya mini goge kan inji da auduga da sifirit. Masta yana da ɗabi'a ɗaya da muke yi wa dariya a ɓoye: duk abin da aka kawo, kafin ya taɓa sukudireba sai ya kai shi hanci ya shinshina, sannan ya tambayi mai shi wa ya taɓa shi ƙarshe. Yakan ce rabin gyara yana cikin amsar, sauran rabin yana cikin ƙaryar da za a yi maka.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, masu gyaran rediyo da yawa suka ja da baya. Masta ya je ya leƙa ɗakin na'urar wani ofis, ya dawo yana murmushi, ya ce, "Seidu, abin nan ma kaset yake ci. Namu ne." Haka muka shiga.

Bari in faɗa muku kayan, don na ga ba ku taɓa riƙe ko ɗaya ba. Saba ita ce babbar kwamfutar da kowa a ofis ke zuba aikinsa a ciki. A cikinta akwai fayafai da yawa, akwai kuma wani kati da ake kira kwantirola, shi ne shugaban tasha, shi ke cewa wannan faifai ɗauki kaza, wancan ɗauki kaza. Sai injin kaset, wanda ke kwafe komai ya zuba a kaset mai kusurwa huɗu, girman tafin hannu, don in sabar ta mutu a sami abin dawowa da shi. Tsakaninsu waya ce mai kauri, a ƙarshenta kuma dole a toshe da wani ɗan murfi, taminato. In babu shi, injin zai riƙa bayyana yana ɓacewa kamar ɗan haya a ƙarshen wata.

Matsalar ita ce kwantirolan wancan zamanin ba ya ga maciji da injin kaset. Ko me ya faru, kaset ne ya tsufa, waya ce ta saki, kan injin ne ya yi datti, magana ɗaya yake rubuto maka: an kasa rubutu. Sai fitilar ruwan lemo ta kama ƙiftawa. Daga nan sauran naka ne. Shi ya sa jakata ba ta rabuwa da tocila, da waya ta biyu, da taminato, da kaset ɗin wanke kai, da kuma kaset nawa na gwaji wanda na yarda da shi fiye da wasu 'yan uwana.

Aikin Salaga ya zo mini ne bayan na buɗe shago a Yendi. Wani ƙaramin gidan rediyon al'umma ne. Dukiyarsu a duniya ita ce tafsirin Malam Bawa, wanda ya yi shekaru yana karantawa duk azumi, ya fassara da Hausa, ya ƙara bayani da Gwanja. Bayan rasuwarsa suka ci gaba da sa muryarsa kafin shan ruwa. Mata masu suyar ƙosai da ita suke auna lokaci, in Malam ya kai addu'ar rufewa sai a sauke kasko. Ni na kwashe tsofaffin kaset ɗin rediyon zuwa cikin sabar, kuma Allah ya sa na yi da wuri, don daminar da ta biyo baya rufin sito ya yi yoyo, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya bari. Daga ranar muryar Malam ba ta ko'ina sai cikin sabar nan da kaset ɗin ajiya.

Ranar da na tsara musu ajiyar, na zaunar da Manaja Fuseini na yi masa bayani. Kowace rana da kaset ɗinta. Na Juma'a shi ne babba, shi ke ɗauke da komai, har da tafsirin Malam. In wata Juma'ar ta zagayo, injin ya goge na da, ya rubuta sabo a kai. Na roƙe shi ya ƙara sayen kaset da za a ajiye a wajen ginin, wanda ba a gogewa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Masa," wato maigida, haka yake kiran kowa, "nan rediyo ne, ba banki ba. Wanda aka saya ya isa."

Duk wannan maganar akwai mai shara a ƙarƙashin tebur, ban ko kula ba. Mma Adisa ce, matar marigayi Malam Bawa. Tun tana rako shi da darduma da buta ta saba da wurin, da ya rasu sai ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da zuwa. 'Yar tsohon gidan Hausawa ce a zango, Hausarta tsaf, kuma babu wanda ya isa ya gaya mata inda za ta share.

Juma'ar farko lafiya lau. Ta biyu, da safiyar Asabar, sai ga wayar Rashida, mai karanta labarai, wadda aka ɗora wa canjin kaset. Ta ce, "Baba Seidu, fitilar nan tana ƙiftawa." Na hau babur, na bi ta Bimbila, na isa ƙugu na ciwo. Na sa kaset ɗina na gwaji, inji ya rubuta, ya karanta, ko tari bai yi ba. Na sa na Juma'a, ya ƙi. Na ce to kaset ne aka sayar mana marar kyau. Na jefa shi cikin kwalin matattun kaset da ke ƙarƙashin tebur, na sa Manaja ya fito da sabo, na manna masa farar takarda na rubuta Juma'a.

Sabon ya yi aiki sau ɗaya. Juma'ar da ta biyo baya, fitila.

To nan ne aiki ya fara, ku buɗe kunne. In sabon kaset ya rubutu sau ɗaya sannan ya lalace, duk mai gyara zai ce injin ne ke cinye shi. Na wanke kai. Na canja waya. Na canja taminato. Na duba ko lambar injin ta yi karo da ta wani faifai a kan wayar, ba ta yi ba. Na sabunta manhajar kwantirola, abin da ke sa mutum gumi ko a ɗaki mai sanyi, don in wuta ta ɗauke a tsakiya ka gama da katin. Daga baya na raba su gaba ɗaya, na sa wa injin kaset nasa katin daban don ya daina shan baƙin cikin kwantirola. Sabon katin ya fi bayani, ya ce kaset ne ya gaji. Na ce masa kaset ɗin da aka ɓare leda makon jiya? Har injin na ɗauke na kawo aro. Na aron ma ya ci na Juma'a. Na Litinin zuwa Alhamis kuwa ko ƙwarzane.

Manaja ya fara gajiya da ni. Ya ce, "Masa, injin nan yana zuwa masallaci ne? Me ya sa Juma'a kawai?" Rashida ta ce ita dai ta ji ana cewa ginin tsohuwar rijiya ce aka cike. Manaja ya ce in ban gano ba zai kira kamfani daga Tamale. Ni kuwa raina ya ɓaci sosai, don a Salaga an fara kirana mai gyaran Asabar.

Wata Asabar na zauna gaban injin na rasa abin taɓawa, sai na tuna Masta. Na zaro kaset ɗin Juma'a na kai hanci. Tsami. Na haska tocila cikin bakin injin, sai ga kiyashi a jere, suna shiga suna fita kamar masu zuwa kasuwar doya. Na bi layinsu, ya ƙare a kan farar takardar da na rubuta Juma'a. Na sa farce na ɗaga ta. Da tuwon zafi aka manna ta.

Rubutuna ne, amma kaset ɗin ba nawa sabo ba ne. Ɗaya ne daga matattun cikin kwali, launinsu ɗaya da sababbin. Wani ne ke ɗauke sabon bayan ya cika, ya ɓare takardar, ya liƙa wa matacce, ya mayar cikin durowa. Ni kuma duk mako sai in yanke wa mataccen hukunci in mayar da shi kwali, ya jira a sake fito da shi. Akwai wanda na tabbata mun haɗu da shi sau da yawa.

Ban ce wa kowa komai ba. Mai shiga ɗakin nan da sassafe mutum ɗaya ne. Da la'asar na tafi zango na yi sallama gidan Malam Bawa. Mma Adisa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har kan kaji. Sannan ta ce, "Seidu, gaisuwa ka zo ko kaset?"

Na ce, "Duka biyun, Mma."

Ta ce, "To gaisuwar ta isa. Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Can saman kabad, inda littattafan Malam suke, ga ƙunshi cikin farin rawani.

Ta ce, "Da kunnena na ji ka gaya wa Fuseini duk Juma'a injin yana wanke abin da ke ciki. Ƙarya na yi maka?"

Na ce ba ta yi ba.

Ta ce, "Abin da ke ciki kuma karatun Malam ne, ayoyin Allah. Mu a gidan nan in an wanke allo, ruwan ko a sha shi, ko a zuba gindin bishiya inda ƙafa ba ta takawa. Shi injin naka in ya wanke, ina yake zuba ruwan?"

Na gyara zama na fara bayani. Na ce babu ruwa, maganaɗisu ne. Na ce ba ɓacewa yake yi ba, karatun nan dai shi ake sake rubutawa a wurin. Ta bar ni na gama, ta ce, "Ban tambaye ka abin da ake sake rubutawa ba. Na farkon nake tambaya, ina ya tafi?"

Na sha ruwa. Na ce, "To Mma, da kika ɗauki ɗaya ai ya isa. Me ya sa kike ta ɗauka?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tuwo ana ci. Ta ce, "Na biyun ba karatun ne a ciki ba?"

A kan tabarmar nan muka ƙulla yarjejeniya. Ni zan cire tafsirin Malam daga cikin abin da ake kwafa ana gogewa duk mako, tunda Malam ba zai ƙara sabon karatu ba. Ita kuma za ta bar mini durowa ta zauna lafiya. Waɗanda ta riga ta ɗauka, na tura musu ɗan jan makullin da ke hana rubutu, na ce ta riƙe. Ni fa abin da na roƙi Manaja ke nan ya hana, kwafi a wajen gini wanda ba a gogewa, ga shi Mma ta sa ya saya da hannunsa. Na ce mata kar rana, kar ruwa, kar kusa da lasifika. Ta ce ita za a koya wa ajiya.

Washegari na ce wa Manaja kwantirola ne, kuma na yi maganinsa. Ya ce, "Na faɗa tun farko." Ban san yaushe ya faɗa ba, amma na ce haka ne. Da na gaya masa gaskiya, da ya karɓo kaset ɗin ya mayar durowa a ci gaba da gogewa, Mma kuma ta ci gaba da ɗauka, ni kuma in ƙare rayuwata a hanyar Bimbila.

Shekaru suka wuce, sai ga muguwar shekara, shekarar dumso, wato ta yawan ɗauke wuta. Ku kuna yara lokacin, abin da kuka sani shi ne ana ɗauke wuta kuna ihu. Mu kuwa masu saba mun ga tashin hankali. Wuta ta tafi, ta dawo rabi, ta tafi, ta dawo da fushi. Kwantirola yana da ɗan batir da ke riƙe masa abin da bai gama rubutawa ba. Na Salaga ya kumbura kamar ƙosai, batir ɗin na'urar riƙe wuta ma ya mutu. Na ce wa Manaja a canja, ya ce bayan Sallah. Ana saura kwanaki kaɗan a ga watan azumi, da tsakar rana, wuta ta dawo da ƙarfin da ya ƙona firij ɗin maƙwabta. A ɗakin na'ura ta tafi da kwantirola, da fayafai fiye da yadda za a iya farfaɗowa, da injin kaset ɗin kansa.

Na tarar da Manaja ya jera kaset ɗin mako a kan tebur, yana ƙoƙarin nuna bai tsorata ba. Ya ce, "Masa, ba komai, ko? Na Juma'a yana nan. Malam yana ciki."

Na ce, "Tallace-tallace suna ciki, da labarai, da waƙoƙi. Malam ba ya ciki."

Ya cire tabarau. Ya ce, "Yana ina?"

Na ce, "Kan kabad ɗin Mma Adisa."

Sai da na ba shi labarin tun daga kiyashi. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Seidu, in azumi ya kama babu muryar Malam, ni ba zan yi bayani ba. Zan buɗe makirfo in zaunar da kai, ka gaya wa Salaga da bakinka."

Ga wata matsalar. Injin kaset sabon yayi ba ya karanta kaset ɗin da ya girme shi da yawa. Na kira masu sayarwa a Kumasi da Ankara, wani ya tambaye ni ko gidan tarihi nake aiki. Mutum ɗaya na sani a arewa da ba ya zubar da komai. Na kira Bawku. Masta ya ce, "Akwai. Ban ce yana aiki ba, na ce akwai."

Na je karɓar ƙunshin, na tarar Mma ta riga ta yafa mayafi, ta ɗaura jaka. Na ce hanya ce mai nisa, ga zafi, ga ramuka. Ta ce, "Kai ne ka ce ba ka san inda ruwan ke zuwa ba. Kai zan ba shi ka tafi kai kaɗai?" Muka shiga mota, Salaga zuwa Yendi, muka kwana gidana, washegari muka bi ta Gushegu muka hau tudun Nakpanduri. Yaron mota ya so sa ƙunshin a but tare da doya da akuya, kallo ɗaya ta yi masa ya fasa. A cinyarta ya yi tafiyar duka. A wani shinge kafin Garu jami'i ya leƙo ya nuna ƙunshin ya ce mene ne. Ta ce, "Mijina ne." Ya ja da baya ya ɗaga mana hannu.

Masta ya tsufa, ido ya yi rauni, amma hanci yana nan. Mma ta kwance rawani, ya ɗauki kaset na sama ya shinshina, ya ce, "Wa ya yi wa kaset turare?"

Mma ta ce, "Duk daren Juma'a nake turara littattafan Malam. In bar wannan don me?"

Na hana rana, na hana ruwa, na hana lasifika, turare bai zo mini a rai ba. Hayaƙin turaren wuta yana da maiƙo, shekara da shekaru yana shiga ta ƙofar kaset yana kwanciya a kan zare.

Muka tono injin daga ƙarƙashin matattun bidiyo, muka samo katinsa, muka haɗa da wata tsohuwar kwamfuta. Ta ƙi ganinsa. Babu taminato, nawa kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Masta ya zazzage gwangwanayen madara cike da kusoshi har taminaton ya fito. Wani mai albasa ya ara mana janareto, don ban yarda wutar gwamnati ta kusanci aikin nan ba. Muka sa kaset na farko. Ya ja, ya fara karantawa, ya tsaya, ya koma baya, ya sake gwadawa, ya sake komawa. In kun ji inji yana wannan kai da komo, ku sani yana wahala. Sai fitilar ruwan lemo.

Kaset ɗin wanke kai bai iya da maiƙon ba. Masta ya ce in buɗe injin. Littafin kamfani ya hana a taɓa kan nan da hannu, na gaya masa. Ya ce, "Kamfanin ya san turaren Salaga?" Ya miƙo mini auduga da sifirit, irin na lokacin da na fara aiki, na goge a hankali yana riƙe da tocila yana haska gefen da ba shi ba. Kaset na gaba ya fi na farko muni. Na bayansa kuwa zaren ne ya tsinke a ciki, muka ji ƙarar. Duk lokacin da ɗaya ya ƙi, sai mu sake buɗewa mu goge, Mma kuma ta karɓe shi ta ajiye a cinya. Na ji tsoro ƙwarai, ba na makirfon Manaja kawai ba. Na fara tunanin yadda zan zauna kusa da matar nan a mota har Salaga.

Da na cikin rawani suka ƙare, na ce shi ke nan. Mma ta ce, "Saura na farkon." Ta buɗe jakarta ta fito da gafakar Malam, ta fata, ta zare igiya. Wanda ta fara ɗauka, tun ba ta san za su yi yawa ba, a nan ta sa shi, tsakanin takardun Malam. Masta ya shinshina ya ce, "Fata kawai."

Na sa shi. Ya ja, ya yi shiru, sai koriyar fitila ta fara ƙiftawa a hankali ba tsayawa. Babu wanda ya motsa. Mai albasa ya leƙo zai yi magana, Masta ya kore shi da hannu. Aka kira la'asar, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya don kar a bar injin shi kaɗai. Da ya gama ya turo kaset waje, na jona wata tsohuwar lasifikar rediyon mota, na buɗe karatun ranar farko ta azumi.

Aka ji motsin takarda, aka ji an gyara makirfo. Sai murya ta ce, "Assalamu alaikum, jama'ar Salaga."

Mma Adisa ta gyara mayafinta ta ce, "Wa alaikumus salam, Malam."

Masta ya juya yana neman wani abu a cikin gwangwani wanda na san ba ya nema. Malam ya yi bismilla, ya fara, can sai ya yi tari. Mma ta ce, "Kun ji? Goro ne. Na hana shi ci kafin karatu, ba ya ji."

Kafin mu bar Bawku na kwafi tafsirin a wurare daban daban, na bar ɗaya wurin Masta, na zuba wa Mma ɗaya a wayarta. Ranar ɗaya ga azumi Malam ya yi sallama a Salaga kan lokaci, aka sauke kasko kan lokaci. Manaja ya sayi batir, ya kuma shiga gaya wa baƙi cewa tsarinsu ne tun asali ajiye kwafi a wajen gini.

Bayan Sallah na koma ɗaura musu sabuwar saba, na biya gaishe da Mma. Na ce ta ba ni matattun kaset ɗin nan in rage mata kaya, tunda babu injin da zai ƙara karanta su. Ta ce in biyo ta. A bayan gida akwai darbejiya, a gindinta an kewaye wani ɗan wuri da duwatsu, ƙasar sabuwa ce.

Ta ce, "Shekara nawa ina jiran amsarka, ba ka kawo ba. Ga inda na zuba. Ka bi ta can gefe, kar ka taka."

Na bi ta gefe. Yanzu kai mai askin zakara, ɗauko wayar da matar nan ta kawo ɗazu, wadda ka ce za ka goge gaba ɗaya don ta yi sauri. Kafin ka danna komai, bi ta kasuwa ka tambaye ta muryar wa ke ciki.